Oba-oba a hannun matasa: Sayenta babu wuya, danna ta ne ke buƙatar izini

Duk wanda ya halarci babban wa'azi, taron Maulidi ko bikin gidan wani attajiri a Maraɗi, Damagaram ko Yamai a ƴan shekarun nan, da wuya ya rasa ganin matasa sanye da riga iri ɗaya, kowa da ƴar baƙar rediyo mai eriya rataye a ƙugu. Wasu na kiranta oba-oba, sunan da ya ƙetaro daga Najeriya, ƴan lakwal kuma su ce talki-walki. A da sai a hannun soja, jandarma ko ɗan sanda ake ganinta. Yanzu masu gadin shaguna, ƴan agaji, ƴan banga, ma'aikatan otel, masu haƙar zinare da direbobin da ke tafiya a ayari duk sun rungume ta.

Dalilin karɓuwarta a fili yake. Ba ta cin kuɗin kati, ba ta jiran rezo, kuma mutum ɗaya na magana mutum ashirin su ji shi a lokaci guda. Farashinta ma ya faɗi warwas tun da kamfanonin ƙasar Sin suka shigo harkar. Samfurin Baofeng UV-5R, wanda ya fito a 2012, ana samun sa a intanet kan dalar Amurka 20 zuwa 30, abin da bai kai kuɗin salula mai matsakaicin daraja ba.

Sai dai abin da mai shago ba ya gaya wa mai saye shi ne, a Nijar kamar a yawancin ƙasashen duniya, mallakar na'urar daban, izinin magana da ita daban. Rasit ɗin kasuwa ba takardar izini ba ne. A wannan lokaci na matsalar tsaro kuwa, saurayin da aka tare a shingen bincike da oba-oba babu takarda, bayanin da zai yi ya fi ƙarfin "a kasuwa na saya".

Iska ma tana da mai rabo

Rediyon FM, salula, jirgin sama, motar ɗaukar marasa lafiya da oba-oba duk hanya ɗaya suke bi, wato igiyoyin da ke tafiya cikin iska, kowa da zangonsa. Zangon nan kuma a ƙidaye yake. Idan mutum biyu suka hau guda a wuri ɗaya, mai ƙarfi ya danne mai rauni, ko kuma duka su zama hayaniya. Shi ya sa ake raba shi kamar rumfunan kasuwa: kowa da inda aka ba shi, kuma akwai wanda ke riƙe da kundin rabon.

A matakin duniya, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, mai hedkwata a Janeba, ita ke shata manyan iyakoki. Ta kasa duniya gida uku, kuma Afirka da Turai suna gida na farko, nahiyar Amurka tana na biyu. Daga nan kowace ƙasa ta raba wa mutanenta. A Nijar aikin yana hannun ARCEP, hukumar da ke sa ido kan sadarwa da gidan waya, wadda doka mai lamba 2018-47 ta 12 ga Yulin 2018 ta kafa a madadin ARTP. A ranar ce kuma aka fitar da doka mai lamba 2018-45, wadda ta tsara harkar sadarwar zamani baki ɗaya.

Abubuwa biyu ne suka shafi mai oba-oba a wannan tsari. Na farko, ita kanta na'urar sai ta kasance samfurin da hukuma ta tantance ta amince da shi, kuma wannan nauyi ya fi hawa kan ɗan kasuwar da ya shigo da kayan. Na biyu, kamfani, ƙungiya ko ma'aikatar da ke son haɗa mutanenta da rediyo, a idon doka ta buɗe hanyar sadarwa ce mai zaman kanta. Sai ta nemi izini, a ware mata zangon da za ta hau, ta kuma riƙa biyan kuɗin amfani da shi. Bayanan da hukumomin sadarwa ke nema a irin wannan buƙata sanannu ne: sunan mai nema da takardunsa, yawan na'urorin, samfurinsu, ƙarfinsu, da yankin da za a yi aiki da su. Wanda ya hau zango ba da izini ba yana iya rasa kayansa, ya biya tara, ko ya tsinci kansa gaban alƙali.

Akwai wurin da masu gadi da ƴan agaji ke yawan ruɗewa. Izinin na wanda ya nema ne, kuma na yankin da aka rubuta ne. Mai gadin da kamfaninsa ke da takarda yana cikin inuwarta muddin yana bakin aiki da rediyon kamfanin. Ran da ya bar aikin, ko ya sayi tasa ya tafi da ita ƙauye bikin ƙaninsa, inuwar ba ta bi shi ba.

Matsalar Baofeng da ƴan uwanta ita ce sun iya abin da ya wuce kima. UV-5R na aika magana daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama, da ƙarfin da ya kai wat 4 zuwa 5, kuma duk lambar da mutum ya ga dama yana iya latsa ta da yatsa. A cikin wannan fili ne ma'aikatu, kamfanoni, masu aikin ceto da jami'an tsaro na ƙasashe da dama suke da nasu zangon. Ƙaramar BF-888S, mai tasha 16 wadda masu gadi suka fi so don sauƙinta, tana zuwa ne da lambobin da aka riga aka sa mata a masana'anta tsakanin megahaz 400 da 470, ba tare da an duba rabon wata ƙasa ba. Mai ita ya murɗa zuwa tasha ta uku, bai san gonar wa ya shiga ba. Shi a kunnensa shiru ne, amma shirun ba ya nufin wurin ba shi da mai shi.

Abin da ya sa jami'an tsaro ba sa wasa da ita

Da a ce batun kuɗin izini ne kawai, da lamarin bai wuce na mai babur marar takardu ba. Amma jihar Difa na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, wasu sassan Tilaberi da Tawa kuma tun Maris na 2017. Duk mai bin sanarwar rundunar soja ya saba jin jerin kayan da aka ƙwace daga hannun ƴan bindiga: bindigogi, harsasai, babura, man fetur, sai na'urorin sadarwa. Oba-oba ta daɗe a wannan jeri, domin tana aiki a dajin da babu rezo, kuma ba ta da layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

Mutanen Madarunfa, Gidan Rumji da Ƙonni sun ga misalin haka a ƙetaren iyaka. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layi a jihar Zamfara gaba ɗaya, daga baya matakin ya shafi ƙananan hukumomi da dama na Katsina da Sakkwato. Ba a jima ba gwamnatin Katsina ta fito ta ce ƴan bindiga sun koma magana da oba-oba. Tun daga lokacin, ganin na'urar a jakar matafiyi a hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa ya daina zama ƙaramin abu.

A nan ne talaka ke shiga tsaka mai wuya. Ƙauyen da ke fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, ga rezo na zuwa yana ɗaukewa, yana da hujjar neman hanyar da unguwa za ta tashi unguwa cikin dare. Haka mai haƙar zinare a Cibarkaten, inda tafiya ke da nisa kuma ramuka ke warwatse cikin hamada. Buƙatar gaskiya ce. Amma na'urar da ke hannun mai tsare garinsu ita ce dai a hannun mai kai masa hari, kuma jami'in da ke kan shinge ba ya ganin zuciya, takarda yake gani. Ƙungiyar da ta sanar da magajin gari da jami'an tsaron yankinta, ta kuma nemi izini da sunanta, ta cire wa matasanta babban kaya. Ita ma hukuma akwai gyara a wajenta: ƙa'idar da aka rubuta da Faransanci aka ajiye a Yamai ba za ta isa kunnen ɗan banga a karkara ba, sai an fassara ta an kai ta gidajen rediyon al'umma.

Dokar oba-oba takan zama sanda a hannun mai mulki ma. Bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021 a Myanmar, tuhumar farko da sojoji suka yi wa Aung San Suu Kyi ita ce ta ƴan rediyoyin hannu da suka ce an samu a gidanta. Ranar 10 ga Janairun 2022 kotu ta ɗaure ta shekara 2 kan shigo da su ba bisa ƙa'ida ba, da shekara 1 kan riƙe su babu lasisi. Ƙasashe da ƙungiyoyin kare haƙƙi da dama sun kira shari'ar bi-ta-da-ƙulli, amma dokar da aka kafa hujja da ita tana nan a rubuce tun kafin a kama ta.

Tsarabar ƴan ci-rani

Oba-oba da yawa ba ta hanyar ƴan kasuwa suke shigowa ba. Ɗan uwa ne ke sayowa a babban kanti a Burusal, Paris ko New York, ya ga an rubuta a kwali cewa ba ta buƙatar lasisi, ya sa a jaka ya aiko gida. Rubutun gaskiya ne, amma gaskiyarsa ta tsaya a ƙasar da aka sayar da ita.

A Turai, wadda kowa ke iya riƙewa babu takarda ita ce PMR446. Tana aiki tsakanin megahaz 446.0 da 446.2, tasha 16, ƙarfinta bai wuce rabin wat ba, kuma eriyarta a manne take, ba a cirewa a sa babba. Wanda ya ɗauki Baofeng mai wat 5 ya saita ta kan waɗannan tashoshi bai tsira ba, domin sassaucin na na'urar da ta cika sharuɗɗan ne. A Faransa, hawa zango babu izini na iya kai mutum gidan kaso na wata 6 da tarar yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa ke nan. Ga wanda ke jiran takardar zama, ko rabin wannan rigima ta ishe shi. A Ingila, ƙaramin kamfani na iya sayen lasisi mafi sauƙi daga hukumar Ofcom kan fam 75 na shekara 5.

Tsarin Amurka kuma dabam ne. Can mai zaman kanta ita ce FRS, tasha 22 a wajejen megahaz 462 da 467, ƙarfinta bai wuce wat 2 ba, wasu tashoshin ma rabin wat. Wanda ke son ƙarin ƙarfi sai ya nemi lasisin GMRS daga hukumar FCC. Babu jarrabawa, sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 18. Tun Afrilun 2022 kuɗinsa dalar Amurka 35 ne, wajen jika 20, yana aiki shekara 10, kuma iyalin mai shi duka suna cin moriyarsa. A Satumban 2018 FCC ta fitar da gargaɗi na musamman kan rediyoyin hannu masu arha da ke iya hawa kowane zango, ta ce shigo da su, sayar da su da amfani da su duk laifi ne idan ba su cika ƙa'ida ba.

Abin da ke biyo baya shi ne, oba-obar da ta halatta a Amurka haramtacciya ce a Turai, don can an ba wasu zangon 462. Ta Turai kuma idan ta je Amurka, megahaz 446 ya faɗa cikin rabon masu rediyon sha'awa, waɗanda sai sun ci jarrabawa. Idan abin ya kasa ƙetare teku tsakanin waɗannan biyu, babu dalilin ɗauka cewa ya halatta a Tawa don kawai kwalinsa ya faɗa. Ƙananan na'urorin da aka yafe wa neman izini a kowace ƙasa, hukumar ƙasar ce ke fayyace su, kuma a Nijar maganar ARCEP ce abin kamawa.

Maƙwabta ma kowa da ƙofarsa. A Najeriya NCC ce ke ba kamfanoni zango tana kuma tantance na'urori, ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. A Gana akwai NCA. Benin, Togo da Burkina Faso duk suna da hukuma mai suna ARCEP, amma sunan ne kawai ɗaya, takardar Yamai ba ta aiki a Kwatano ko Lome. Masu gadi da ƴan dako da ke aiki kusa da tashoshin jiragen ruwa na waɗannan birane da na Legas suna da ƙarin abin kiyayewa: megahaz 156.8, wato tasha ta 16 ta teku, ita ce ta neman ceto a duk duniya, kuma tana tsakiyar filin da UV-5R ke iya magana. Masu bin hanyar Asamaka zuwa Tamanrasat kuwa su san cewa Aljeriya ta sa na'urorin sadarwar rediyo cikin jerin kayan da ke da alaƙa da tsaro tun wata doka ta Disamban 2009, kuma shiga da su ko mallakarsu sai da izini tun kafin a taso.

Masu tafiya ta sama su ma abin ya shafe su. Ranar 18 ga Satumban 2024, kwana ɗaya bayan fashewar ƙananan na'urorin karɓar saƙo, rediyoyin hannu na ƴan Hizbullah sun tarwatse a Labanan, aƙalla mutum 20 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Na'urorin na ɗauke da tambarin Icom IC-V82, samfurin da kamfanin na Japan ya ce ya daina ƙerawa tun 2014. A watan Oktoban da ya biyo baya kamfanin jiragen Emirates ya hana ɗaukar oba-oba ga duk mai zuwa Dubai, mai tashi daga can ko mai ratsawa, a jakar hannu ko a babban akwati. Ƴan kasuwar da ke sayo kaya daga Sin ta wannan hanya suna da dalilin tambayar kamfanin jirgi kafin su ɗaure kaya.

Alƙawarin kwali da abin da ke faruwa a gari

Ko da an kammala batun takardu, masu saye da yawa suna cizon yatsa kan nisan zango. Kwali na iya cewa kilomita 30 ko 50. Wannan lissafin tsauni zuwa tsauni ne. Igiyoyin da oba-oba ke amfani da su kusan a miƙe suke tafiya, sai abin da eriya ke "gani". Mutum biyu a tsaye a fili fetal ba su cika wuce ƴan kilomitoci ba, a cikin gari mai gine-ginen siminti da rufin kwano kuma sau da yawa kilomita ɗaya zuwa biyu ne. Tsawo ya fi ƙarfi amfani: wanda ya hau bene da rabin wat yana iya fin wanda ke lungu da wat 5. Kamfanonin da ake jin maganarsu daga wannan gefen gari zuwa wancan suna da na'urar maimaita saƙo a kan dogon ƙarfe, ita ma kuma tana cikin abin da ake neman wa izini.

Sirri ma babu shi. Lambobin da ake saitawa ana cewa na sirri ne, aikinsu kawai su toshe kunnen rediyonka daga jin wasu. Ba sa hana wasu jin ka. Duk mai irin na'urar da ke kusa zai iya laluba har ya faɗa kan tashar. Mai gadin da ke sanar da abokin aikinsa cewa alhaji ya fita da kuɗin ciniki, ko ƴan sintirin da ke faɗin kwanar da za su bi, suna iya zama da mai sauraro na uku.

Ga masu aiki a cikin birni, akwai hanyar da ba ta taɓa zangon kowa. Manhajoji irin su Zello suna mayar da salula tamkar oba-oba ta intanet, akwai kuma na'urori masu siffar oba-oba da ake sa wa katin waya. Waɗannan a kan layin kamfanin waya suke tafiya, don haka babu batun ware zango, kuma mutumin Maraɗi na iya magana da na Abijan. Aibinsu ɗaya: ran da rezo ya ɗauke, sun zama dutse. Siffarsu kuma na iya jawo tambaya a shinge kamar ta gaske.

Saurayin da abin ke burge shi don kansa, ba don gadi ko kasuwanci ba, yana da tasa ƙofar, wato rediyon sha'awa. Ƙa'idar ITU ta ware wa masu ita wurare, ciki har da megahaz 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 a yankinmu, bisa sharaɗin mutum ya nuna ya san aikin, kada ya yi kasuwanci da ita, kada kuma ya ɓoye ma'anar maganarsa. Kowane mai lasisi ana ba shi sunan kira da ke nuna ƙasarsa: na Nijar na farawa da 5U, na Najeriya 5N, na Gana 9G, na Chadi TT. A Amurka matakin farko tambaya 35 ce, wanda ya ci 26 ya haye. Da yake masu 5U ba su da yawa a iska, duk ran da ɗaya ya buɗe tasharsa a gajeren zango, masu wannan sha'awa daga Turai, Japan da Amurka layi suke yi don su samu ya amsa musu.